Su wane ne Tejano, kuma me ya sa ake tuna Navarro?

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato a jihar Texas ta Amurka, sai ka ji ana maganar ƙuri'un Tejano. Su ne 'yan asalin Texas masu jin Sifaniyanci, waɗanda kakanninsu ke can tun yankin yana hannun Spain da Meksiko.

Jigonsu a tarihi shi ne José Antonio Navarro. An haife shi a San Antonio a 1795, ya mallaki filaye da garken shanu, ya koya wa kansa aikin shari'a. A watan Maris na 1836 ya sa hannu a takardar ɓallewar Texas daga Meksiko. Daga baya sojojin Meksiko suka kama shi, ya sha ɗauri a kurkukun Veracruz.

A taron tsara kundin mulkin jihar na 1845, shi kaɗai ne Tejano a zauren. Nan ya tsaya kai da fata kada a keɓe wa farar fata 'yancin zaɓe, don kada a hana danginsa. Abin takaici, shi kansa ya riƙe bayi, kuma ya goyi bayan bauta.

Ya rasu a 1871. Gidansa na San Antonio yanzu gidan tarihi ne.