Aikin Walda a Jikin Mota: Abin da Ya Kamata Maigida da Yaron Gareji Su Sani

Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga yadda masu walda suke mayar da motar da ta lotse ta koma kamar sabuwa. Sana'a ce mai rufin asiri, shi ya sa iyaye da yawa suke kai 'ya'yansu su koya. Amma 'yan'uwa, wutar da ke fitowa daga bakin tocilan ɗin walda tana wuce digiri 3,000 na zafi, ita kuwa mota cike take da fetur da roba da soso da fenti.

Babban haɗari yana wajen tankin mai. Mutane da dama suna zaton idan an juye fetur shi ke nan. Gaskiyar magana, tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne yake kamawa, kuma a cikin tanki marar mai yake samun iskar da zai gauraya da ita ya fashe. Tururin nan ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa da cikin ramin gareji. Idan aiki ya zo kusa da tanki ko bututun mai, a kwance su a kai su nesa. Tartsatsi yana iya tashi har mita 10.

Tun daga shekarar 2023 da aka janye tallafin fetur, motoci masu amfani da gas na CNG sun yawaita. Ƙarfin iskar da ke cikin tukunyarsu ya ninka na tayar mota kusan sau 100. Ba a yi mata walda, ba a kuma ƙera ta a gareji. A watan Oktoba na 2024 wata tukunyar da aka haɗa da hannu ta fashe a gidan gas a birnin Benin, mutane suka ji munanan raunuka.

Kafin a kunna inji a cire wayar batir, a fara da ta nagatif, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. A maƙala wayar at kusa da inda ake aiki, a kan ƙarfen da aka kankare. In ta yi nisa, wuta za ta bi ta cikin wayoyin mota ta ƙona kwamfutar da ke sarrafa inji. A cire kujeru da kafet, a leƙa bayan ƙarfen kafin a taɓa shi, a ajiye abin kashe gobara da bokitin yashi a kusa. Bayan an gama, wani ya tsaya yana duba motar na aƙalla minti 30, gama soso yakan ci a ɓoye.

Masu aiki da gas su tsai da tukwane a tsaye, a ɗaure, a inuwa. Kada man inji ko giris ya taɓa kan tukunyar oksijin. Da ruwan sabulu ake neman inda tiyo yake yoyo, kada a kuskura a gwada da ashana.

Sai maganar ido. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda, sai garkuwar fuska mai gilashin da aka yi domin aikin. Ciwon ba ya tashi nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, yawanci cikin dare, mutum zai ji kamar an zuba masa yashi a ido. Kada a ɗiga madara ko ruwan sukari, a je asibiti. Yaron da yake riƙe wa maigida ƙarfe shi ma yana bukatar tasa garkuwar, domin hasken bai san wane ne ɗan koyo ba.

Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne. A shekarar 2017 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji na huhu. A kankare fenti tukuna, a yi aiki inda iska take wucewa, a kuma kawar da kai daga hanyar hayaƙi. Rigar leda tana narkewa ta manne a fata, saboda haka a sa ta auduga mai kauri da safar hannu ta fata da takalmi rufaffe. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge baki ko ɗanyen ƙwai.

Iyaye, ranar da za ku kai yaro koyon sana'a, ku dubi garejin da idonku. Ku tambaya ko akwai garkuwa ta biyu da abin kashe gobara. Idan babu, ku saya wa yaron garkuwarsa, kuɗinta bai kai na jinyar ido ba. Mai mota kuma ya daina matsa wa mai walda ya yi sauri a kan tankin da ba a kwance ba. Allah ya kiyaye mana su, ya sa albarka a aikin hannunsu.