Hattara Da Umarnin Aro

'Yan'uwana 'yan makaranta, Bash wani shiri ne cikin kwamfuta mai Linux, wanda akan rubuta wa umarni ya zartar. In ka kwafo rubutu daga intanet ka liƙa masa, mai yiwuwa wani mugu ya ɓoye umarnin share fayiloli a ciki, haɗe da alamar sabon layi. Bash zai zaci ka danna Enter, shi ke nan aikin wata guda ya salwanta.

Maganin abin, a rubuta set enable-bracketed-paste on cikin fayil ɗin .inputrc. Sa'an nan rubutun zai tsaya cik, kamar motar Benin a gaban 'yan kwastan na Lolo, sai ka karanta ka yarda. Bash 4.4 na 2016 ya kawo wannan dabara, amma sai daga 5.1 na 2020 take zuwa a kunne. Tsofaffin kwamfutocin makarantu su ne abin dubawa.