Fayil Kulalle da Fayil Lalatacce Yayin Kwafar Fayiloli Masu Yawa

1.0 Gabatarwa

Malamin wannan zamani kan adana tsarin darasi da sakamakon jarrabawa da kundayen bincike a cikin kwamfuta. Lokaci zuwa lokaci yakan buƙaci kwashe su zuwa filashi ko wata kwamfutar. A nan ne ake cin karo da fayil guda da ya ƙi kwafuwa, ya tsayar da aikin baki ɗaya. Hausawa na cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wannan darasi zai bayyana dalilan matsalar da hanyoyin magance ta.

2.0 Dalilan da Ke Hana Fayil Kwafuwa

Kulallen fayil shi ne wanda wata manhaja ke riƙe da shi a daidai lokacin da ake son kwafarsa, ko wanda mai kwafar ba shi da izinin taɓawa. Irin wannan fayil lafiyarsa ƙalau, hanya ce kawai aka tare.

Lalataccen fayil kuwa shi ne wanda bayanan cikinsa suka sami tangarɗa. Hakan kan faru idan wuta ta ɗauke ana cikin ajiye shi, ko aka zare filashi kafin ya gama karɓar bayanai, ko wani sashe na faifan ajiya ya mutu.

Akwai kuma fayil da ba a kulle yake ba, bai kuma lalace ba, amma wurin da za a kai shi ne ba zai ɗauke shi ba. Misali, filashin da aka tsara bisa tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Haka nan Windows kan gaza idan sunan fayil haɗe da sunayen foldojin da yake ciki ya zarce haruffa 260.

3.0 Matakan da Ya Kamata a Bi

i. A kwafa, kada a yanke. Yankewa na cire fayil daga mazauninsa, don haka idan aiki ya tsaya a tsakiya, fayilolin sun rabu gida biyu ke nan.

ii. A rufe duk manhajojin da ke buɗe. Idan fayil ya ci gaba da ƙi, a kashe kwamfutar a sake kunna ta, domin hakan kan saki yawancin kulallun fayiloli.

iii. A tsallake fayil mai gardama, a rubuta sunansa, a bar sauran su wuce. A Windows XP, wadda ta fito a 2001, fayil guda kan katse kwafar duka. Daga Windows Vista zuwa gaba an samar da zaɓin tsallakewa.

iv. Idan fayilolin sun kai dubbai, a yi amfani da umarnin Robocopy da ke cikin Windows. Sai dai a lura, bisa asalin tsarinsa yakan sake gwada fayil da ya ƙi har sau 1,000,000, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, wato kusan shekara guda a kan fayil ɗaya. Saboda haka a ƙara masa /R:2 /W:5, ma'ana ya gwada sau biyu, ya jira daƙiƙa biyar, sannan ya wuce. Ƙarin /LOG: tare da sunan wani fayil zai sa ya rubuta rahoton abin da ya kwafu da wanda ya ƙi.

v. Idan faifai ya soma ƙara ko tsananin jinkiri, a fara kwashe muhimman takardu kafin a yi yunƙurin gyara shi da chkdsk, domin gyaran kan ƙara wa faifai mai rauni nauyi.

vi. Bayan an gama, a kwatanta adadin fayiloli da girmansu a wuraren biyu, a kuma buɗe wasu don tabbatarwa. Kada a goge na asali kafin wannan mataki.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa kulallen fayil sakinsa kawai ake buƙata, lalatacce kuwa ba kullum ake iya ceto shi ba. Don haka wajibi ne malami ya riƙa ajiye kwafin sakamakon ɗalibansa a wuri fiye da ɗaya, domin riga-kafi ya fi magani.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin kulallen fayil da lalatacce.
2. Me ya sa kwafa ta fi yankewa aminci?
3. Bayyana amfanin /R:2 /W:5 a umarnin Robocopy.