RUWAN SHA A KAN HANYA: ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA SANI

Mutum yana gidansa ya san rijiyar da ake ɗebo masa ruwa, ya san randar da ake zubawa. Amma da zarar ya kama hanya, ko direban babbar mota ne daga Kano zuwa Legas, ko falke, ko makiyayi, ko ɗan ci-rani, sai abin da ya samu a tasha ko a rafi. Da yawa cikinmu kuwa idan muka ga ruwa garau, sai mu ɗauka lafiyayye ne. Wannan kuskure ne babba. Ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da atuni ido ba ya ganinsu, harshe kuma ba ya jin ɗanɗanonsu. Kwalara ta shigo ƙasar nan a ƙarshen 1970, kuma har yanzu ba mu rabu da ita ba. A cikin 2021 kaɗai an ba da rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu.

Saboda haka aka ƙera ƙananan kayan tsabtace ruwa waɗanda za su shiga aljihu ko jaka. Sai dai kowanne da aikinsa da iyakarsa, kuma wanda bai san iyakar nasa ba yana iya shan cuta yana zaton ya tsira.

Na farko shi ne mataci. Ba baƙo ne gare mu ba. Waɗanda suka ga zamanin yaƙi da kurkunu za su tuna da ƙyallen da aka rarraba wa ƙauyuka, da ɗan bututun nan da manoma da makiyaya suke ratayawa a wuya suna zuƙar ruwan tafki da shi. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami masu kurkunu wajen 650,000 a Nijeriya. Da tace ruwa da haƙa rijiyoyi da wayar da kai, wanda Janar Yakubu Gowon ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye dominsa, aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Jihar Enugu cikin 2008, sa'an nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da cutar a 2013. To, amma wancan bututu ƙananan ƙwarin ruwa masu ɗauke da kurkunu kaɗai yake tarewa. Ƙwayar kwalara tana wuce shi kamar yadda ruwa ke wuce rariya.

Matatan zamani, irin su LifeStraw da ya fito a 2005, da gorunan da ake sayarwa da mataci a bakinsu, sun fi wancan nesa ba kusa ba. A cikinsu akwai zare-zare masu rami, ƙofofinsu kuwa ba su wuce kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita ba. Ruwa yana ratsawa, amma laka da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin bakteriya, watau irin na kwalara da taifot, sai su maƙale. Akwai kuma na tangaran, wanda ake bunƙasa ruwa ta cikinsa da ɗan famfon hannu. Abin lura shi ne akwai wasu ƙwayoyin cuta da ake kira bairas, kamar masu kawo shawara da shan inna da zawon yara, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa yawancin matatan aljihu ba sa tare su. A inda jama'a suka yi yawa, kuma bayan gida yake gangarawa cikin ruwa, mataci shi kaɗai bai isa ba.

Nan ne ƙwayar kulorin take da amfani, irin su Aquatabs, ko kulorin na ruwa a ƙaramar kwalba. Ita tana kashe bakteriya da bairas, ga araha, ga rashin nauyi. Tilas ne a karanta takardarta a ga lita nawa ƙwaya ɗaya take ɗauka, domin girmansu ba ɗaya ba ne, a jefa, a girgiza, a jira minti 30 cikakku. Gaggawa ita ce ke ɓata wannan aiki. Ɗan warin da ake ji bayan haka ba ya cutarwa, alama ce maganin yana nan. Amma kulorin ba ta da ƙarfi a cikin gurɓataccen ruwa, don laka tana cinye ta, kuma akwai wata ƙwayar zawo mai taurin ɓawo da ba ta kashewa, wadda mataci kuwa yake tarewa cikin sauƙi. Ashe ke nan su biyun abokan aiki ne: a fara tacewa, sa'an nan a sa ƙwaya. Idan ruwan ya yi jawur, a bar shi ya kwanta tukuna, ko a sa ɗan alif ko dakakken ƙwallon zogale kamar yadda iyayenmu mata suka saba, a tsiyaye na sama. A tuna alif share ruwa yake yi, ba ya kashe cuta. Ƙwayar aidin kuwa, mai juna biyu da mai maƙoƙo su guje ta.

Akwai wata 'yar fitila mai batir da ake tsomawa cikin kofi, haskenta ya kashe ƙwayoyin cuta cikin minti ɗaya ko biyu. Tana da tsada, kuma sai ruwa ya zama garau take aiki. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, rana tana yi masa irin wannan aiki kyauta: ya cika farar gorar roba mai tsabta wadda ba ta wuce lita 2 ba, ya kwantar da ita a rana awa 6, ko kwana biyu idan akwai hadari. Idan kuwa da halin hura wuta, babu abin da ya kai tafasawa. Ruwa ya yi ta ɓararraka minti ɗaya, a sauke, a rufe.

Akwai ruwan da duk waɗannan dabaru ba su gyara shi, har tafasawar. Ba sa cire gishiri ko dalma ko man fetur. A 2011 binciken Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar Ogoni ya sami rijiyoyin da gubar mai a cikinsu ta ninka abin da aka yarda da shi sau 900. Ruwan ramin haƙar zinariya, da na kusa da masana'anta ko majema, da duk mai ƙanshin kananzir, a bar shi.

Mai sayen mataci ya duba abin da aka rubuta cewa yana cirewa, kada kyan gora ya ruɗe shi. Bayan an yi amfani da shi a wanke shi da tsabtataccen ruwa, a shanya. Na tangaran idan ya tsage ya tashi aiki, ko da tsagar ba ta fi silin gashi ba. Ruwan leda kuma a nemi lambar NAFDAC, a goge ledar kafin a kai baki. A ware gora ɗaya ta ɗiban ruwa, ɗaya ta sha, kada a gauraya su, kada kuma a tsoma hannu ko moɗa a cikin wanda aka riga aka gyara.

Idan duk da haka zawo ya kama mutum a hanya, ya jiƙa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a cikin gyararren ruwa, gwargwadon yadda takardarsa ta nuna, ya yi ta kurɓa. Idan zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, a tsaya a asibiti mafi kusa, kada a ce sai an isa gida.