Coquero (mutum-mutumin mai tauna ganyen koka)

Coquero suna ne da masana kayan tarihi ke kiran wasu ƙananan mutum-mutumai na gasasshen yumɓu da ake tonowa daga tsofaffin kaburbura a Kudancin Amurka. Suna nuna mutum a zaune, kuncinsa ɗaya a kumbure saboda curin ganyen koka da ke cikin bakinsa. Mafi shahara su ne na al'adar Capulí, wadda ta bunƙasa daga wajen shekarar 800 zuwa 1500 Miladiyya a tsaunukan Andes, a lardin Carchi na arewacin Ekwado da yankin Nariño na kudancin Kolombiya.

Asalin suna

Kalmar ta Sifaniyanci ce. An ɗauki "coca" aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar "-ero" mai nuna mai aikata abu, aikin da ɗafa-goshin "ma-" ke yi a Hausa cikin maƙeri ko marini. Ita kuwa "coca" Sifaniyawa sun aro ta ne daga "kuka" ta harsunan Quechua da Aymara. Ke nan sunan na baya-bayan nan ne, ba masu ginin suka raɗa shi ba. Koka ba ta da alaƙa da koko, duk da kamannin sunayen.

Siffa

Galibi namiji ne sanye da bante, zaune a kan 'yar kujera, hannayensa a kan gwiwoyi. Mata a wannan al'ada an fi gina su zaune a ƙasa da dogon zane, abin da ya sa masana ke ɗaukar kujerar a matsayin alamar sarauta ko jagorancin ibada. Da hannu ake ginin, kamar yadda maginan tukwane ke yi a ƙasar Hausa. Wajen ado, akan rufe wasu sassa na jikin kafin a baƙanta sauran, sai jan yumɓun ya fito da zane idan an cire rufin. Dabarar ta yi kama da rinin ɗauri na marinar Ƙofar Mata.

Abin da kumburin ke nunawa

A gaskiya ba tauna ganyen ake yi sosai ba. Dunƙule shi ake yi a ajiye tsakanin kunci da dasashi, ana tsotsar ruwansa a hankali. Ana haɗa shi da toka ko garin ƙonannen bawon katantanwar teku, domin shi ke fito da sinadarin da ke rage yunwa da gajiya. Duk wanda ya ga dattijo na haɗa taba gari da kanwa ya san dabarar. Garin yana da battarsa ta duma, wadda ake kira poporo a Kolombiya, ana ɗibarsa da tsinke. Tukwanen al'adar Moche ta arewacin Peru, daga wajen 100 zuwa 800 Miladiyya, suna nuna mutane riƙe da batta da tsinken.

Ganye ruɓewa yake yi, yumɓu kuwa yana daɗewa, shi ya sa waɗannan siffofi suke da daraja a matsayin shaida. Al'adar ma ta girme su nesa ba kusa ba: a 2010 Tom Dillehay da abokan aikinsa sun wallafa binciken da ya gano ragowar ganyen koka mai kimanin shekara 8,000 a kwarin Nanchoc na Peru.

Matsayin koka a can ya yi kusa da na goro a nan, wanda ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi. Har yau manoman Andes na miƙa ganyen a matsayin baiko ga ƙasa da duwatsu, kuma a ƙabilar Kogi ta arewacin Kolombiya ana ba saurayi poporo idan ya kai munzali. Kuskure ne a kalli coquero a matsayin hoton ɗan ƙwaya. Sai a 1860 Albert Niemann ya tace hodar iblis daga ganyen a Jamus, ƙarnoni bayan an binne waɗannan siffofi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta nemi a daina tauna ganyen, amma Bolibiya ta fice, ta dawo a 2013 da sharaɗin a bar mutanenta da al'adarsu.

Satar kayan tarihi

Da yawa daga cikin coquero da ke gidajen tarihi da hannun attajirai a Turai da Amurka, masu haƙar kaburbura don sayarwa ne suka fito da su. Idan aka cire siffa ba tare da an rubuta zurfin ramin da abin da ke kusa da ita ba, ba a iya sanin ko kabarin sarki ne ko na boka, kuma ƙiyasin shekarunta kan zama na kintace. Irin wannan ɓarna ce ta sami mutum-mutuman Nok na Jihar Kaduna da na yankunan Katsina da Sakkwato, musamman a shekarun 1990.