BABI NA BIYU: BITAR BINCIKEN FARFESA LUKMAN FEMI OWOLABI A KAN CIWON MAKYARKYATA DA DANGANTAKARSA DA ƘASAR ƘOFA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan nazari da kuma farfajiyarsa, wato garin Ƙofa da ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. A wannan babi kuwa za a yi bitar ayyukan Farfesa Lukman Femi Owolabi, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma malami a Jami'ar Bayero, musamman waɗanda suka shafi cututtukan da ke hana mutum sarrafa motsin jikinsa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, ayyukan nasa sun nuna ciwon makyarkyata yana nan a tsakanin mutanen Kano, amma alƙalummansu na waɗanda suka samu isa asibitin birni ne, don haka ba za su wakilci mazauna karkara irin na ƙasar Ƙofa ba.

2.1 Yadda Ƙwaƙwalwa Take Sarrafa Motsi

Kafin a shiga bitar, ya kamata a fara fahimtar yadda motsi yake faruwa. Idan manomi ya ɗaga fartanya, umarnin yana tasowa ne daga ɓawon ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, sannan ya isa ga tsokar hannu. Sai dai wannan umarni kaɗai bai isa ba, akwai wasu sassa biyu da suke daidaita shi. Na farko shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda take auna nisa da lokaci domin kada sara ya kauce wa inda aka nufa. Idan ta sami matsala sai mutum ya riƙa tangaɗi. Na biyu kuwa wasu curarrun ƙwayoyin jijiya ne a can gindin ƙwaƙwalwa, waɗanda suke ba motsin da ake so izinin farawa, su kuma danne wanda ba a so.

Wannan sashe na biyu ba ya aiki sai da wani sinadari da ake kira dofamin, wanda wasu baƙaƙen ƙwayoyi na tsakiyar ƙwaƙwalwa suke samarwa. Idan waɗannan ƙwayoyi suka dinga mutuwa, dofamin ya ragu, sai motsi ya yi nauyi. Masana sun nuna cewa alamun ciwon ba su cika bayyana ba sai bayan kimanin rabin ƙwayoyin sun salwanta.

2.2 Ciwon Makyarkyata

A wannan nazari an yi amfani da kalmar makyarkyata a matsayin ciwon da likitoci suke kira ciwon Fakinson, sunan da ya samo asali daga James Parkinson, likitan birnin Landan da ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1817, bayan ya lura da mutum shida. Manyan alamunsa huɗu ne:

(a) karkarwar hannu ko ƙafa a lokacin da mutum yake zaune bai sa gaɓar aiki ba, kuma yawanci a gefe ɗaya take farawa;

(b) sandarewar gaɓoɓi;

(c) nawa wajen motsi, har sanya maɓallin riga ko tashi daga tabarma ya zama aiki;

(d) rashin daidaituwa a tsaye, da tafiya a sunkuye da gajerun taku.

A shekarar 1960 aka gano ƙarancin dofamin a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ciwon, sannan a 1967 George Cotzias ya nuna cewa maganin lebodofa, wanda jiki yake mayarwa dofamin, yana dawo da motsi. Maganin ba ya warkar da ciwon, amma yana iya mayar da majinyaci bakin sana'arsa na shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 fiye da mutum miliyan 8.5 ne suke fama da ciwon a duniya.

2.3 Tushen Binciken a Nijeriya

Ayyukan Owolabi sun ɗoru ne a kan harsashin da Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun (1935-1995) na Jami'ar Ibadan ya kafa. Shi ne ya yi fice tun ƙarshen shekarun 1960 wajen danganta wani ciwon tangaɗi da dushewar gani da ake samu a kudu maso yammacin ƙasar nan da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa shi da kyau ba. Daga baya shi da abokan aikinsa suka bi gida-gida a garin Igbo-Ora suna tantance cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Da aka kwatanta sakamakon da na baƙar fata mazauna gundumar Copiah ta jihar Misisifi a Amurka, Schoenberg da wasu (1988) suka ruwaito cewa a cikin kowane mutum 100,000 da suka kai shekara 40, masu ciwon makyarkyata 67 ne a Igbo-Ora, alhali a Copiah 341 ne.

Wannan tazara ta sa an daɗe ana ganin ciwon bai dami Afirka ba. Haka kuma, da yake akasarin binciken farko a Ibadan da Legas aka yi shi, sai Arewa ta kasance ba ta cikin lissafi. Wannan giɓi ne ayyukan Kano suka zo cikewa.

2.4 Ayyukan Owolabi a Kano

Ana iya karkasa ayyukan da suka shafi wannan nazari gida uku.

2.4.1 Kamannin Masu Ciwon

A maƙalar da aka buga a shekarar 2012, Owolabi da abokan aikinsa sun yi nazarin majinyatan da suka je sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na manyan asibitoci biyu na Kano, wato Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala. Sun sami mutum 96 masu alamun makyarkyata, 80 daga cikinsu ciwon Fakinson ne na asali, sauran 16 kuwa wani dalili ne daban ya haddasa musu, kamar toshewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ko illar wasu magunguna. Maza sun ninka mata kusan sau uku. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne, a matsakaicin lissafi, majinyatan sukan shafe fiye da shekara uku da alamun ciwon kafin su ga likitan da ya dace.

Wannan rarrabewa tsakanin ciwo na asali da wanda wani abu ya jawo tana da amfani ƙwarai. Alal misali, wasu magungunan taɓin hankali da na tsayar da amai suna toshe aikin dofamin, kuma idan likita ya sauya su karkarwar takan lafa. Wanda bai san haka ba yana iya ɗaukar abin a matsayin larurar da babu makawa.

2.4.2 Alamun da ba na Motsi ba

A shekarar 2014 ya wallafa wani bincike inda aka kwatanta sababbin majinyata da takwarorinsu masu lafiya. An gano cewa taurin bayan gida da dalalar miyau da wahalar haɗiya sun fi yawa ga masu ciwon. Wato ke nan ciwon bai tsaya ga hannu da ƙafa ba. Hasali ma masana sun nuna taurin bayan gida yakan riga karkarwa bayyana da shekaru.

2.4.3 Numfashi

A shekarar 2016 kuma an auna ƙarfin huhun masu ciwon, aka tarar ya gaza na masu lafiya. Dalili kuwa shi ne, tsokar ƙirji ita ma tana sandarewa kamar sauran tsokoki. Idan aka haɗa wannan da wahalar haɗiya, sai a fahimci abin da ya sa ciwon huhu yake cikin manyan abubuwan da ke ajalin masu makyarkyata.

2.5 Dangantakar Binciken da Ƙasar Ƙofa

Duk ayyukan da aka ambata na asibiti ne, wato an ƙirga wanda ya zo ne kawai, saɓanin na Igbo-Ora da aka bi mutane har gida. Wannan yana da tasiri ta fuskoki uku.

Na farko, nisa da kuɗi. Mutumin Ƙofa yana bakin titin Kano zuwa Zariya, amma na Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa sai ya ratso dajin Falgore, ya biyo ta Tudun Wada da Kwanar Dangora kafin ya kama hanyar birni. Dattijon da hannunsa yake rawa, wanda iyalinsa suke ganin tsufa ne ko iska ko sammu, da wuya a yi masa wannan tafiya. Haka nan rinjayen maza a alƙalumman Kano yana buƙatar taka-tsantsan. Gaskiya ne a duniya ciwon ya fi kama maza, amma ba da irin wannan rata ba, don haka akwai yiwuwar mata ne ba a cika kai su ba.

Na biyu, sana'a. Yankin ƙasar noma ce, ana shuka masara da shinkafa da rake, ga kuma noman rani da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta bunƙasa. Maganin feshi ya zama abokin aikin manomi. A Amurka, Tanner da wasu (2011) sun gano cewa manoman da suka yi amfani da maganin ciyawa na farakwat sun fi waɗanda ba su yi ba haɗarin kamuwa da ciwon da kimanin ninki biyu da rabi. Wannan alaƙa ce ta ƙididdiga, ba hujja ba ce cewa duk mai feshi zai kamu, amma ta isa ta sa a mayar da hankali ga mai feshi ba safar hannu ba takunkumi. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta farakwat daga farkon shekarar 2024, sai dai ciwon yana ɗaukar shekaru kafin ya bayyana.

Na uku, magani. Binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ta jagoranta, wanda aka buga a 2019, ya nuna lebodofa yana da wuyar samu a kantunan magani na Nijeriya, kuma inda aka same shi ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Tun da magani ne na kullum har ƙarshen rayuwa, manomin da kuɗinsa na kaka ne shi zai fi jin jiki.

2.6 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa Owolabi ya shigar da Kano cikin taswirar binciken ciwon makyarkyata, ya nuna majinyata suna makara wajen zuwa asibiti, ya kuma tabbatar da cewa ciwon yana taɓa ciki da ƙirji baya ga gaɓoɓi. Abin da ya dace ya biyo baya shi ne bincike na gida-gida irin na Osuntokun a garuruwan manoma, tare da horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamu huɗun nan, su kuma tura majinyaci da wuri. A babi na uku za a duba sunayen da mutanen ƙasar Ƙofa suke kiran wannan larura da su, da matakan da iyali suke bi wajen neman magani.