Gardamar Masu Son Kiɗan Jaz

Akwai wani kiɗa da kukan ji a rediyo wani lokaci da dare, mai yawan busa, wanda ba kullum ake waƙa a cikinsa ba. Sunansa jaz. Baƙaƙen fata na ƙasar Amurka suka ƙago shi, watau jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka aka kai su can bauta. A birnin Niyu Orliyans ya yi wayo, a kudancin ƙasar, bakin kogin Misisipi, wajen shekara ta 1900. Daga nan ya bi makaɗa zuwa Shikago da Niyu Yok, har ya ƙetare teku ya isa Turai.

Masu son wannan kiɗa suna da wani hali, ba su gajiya da gardama. In biyu suka haɗu, kafin shayi ya dahu sun soma. Wane ya fi wane busa, faifan wane ya fi na wane. Kamar dai yadda ake yi a gindin bishiya bayan an tashi daga kokowa, kowa da gwaninsa. Amma gardamar tasu tana da dalili, kuma dalilin yana cikin kiɗan kansa.

A jaz, makaɗa sukan fara da karin da kowa ya sani. Sa'an nan ɗaya ya matso gaba, ya busa abin da ya zo masa a rai nan take, sauran suna riƙe masa kiɗa. Ba a rubuce yake ba, ba kuma hardacewa ya yi ba. Kun san yadda mawaƙi a wurin biki yakan hango babban baƙo ya shigo, nan da nan ya saka shi cikin waƙa, ƴan amshi suna biye? To, haka ne, sai dai nan da ƙaho ake yi. Saboda haka abin da mabushi ya busa ran Litinin, ba shi zai busa ran Talata ba. Wanda ya ji na Litinin da wanda ya ji na Talata, ta yaya bakinsu zai zo ɗaya?

Babbar gardama ta farko, ta tsohon salo da sabo ce. Louis Armstrong, wanda aka haifa a Niyu Orliyans a 1901, shi ne gwanin farko da duniya duka ta sani. Turompet yake busawa, yana kuma waƙa da wata murya mai kaushi. Kiɗan zamaninsa na rawa ne. Wajen 1945 sai wasu samari a Niyu Yok suka fito da salon da aka sa wa suna bibop. Manyansu su ne Charlie Parker mai saksofon da Dizzy Gillespie mai turompet. Kiɗansu akwai sauri, akwai wuya, karin yana ta kwana, ba ya rawuwa da sauƙi. Zama ake yi a saurara.

Masu sauraro suka rabu biyu, abin ya yi zafi har a Faransa. Can akwai wata ƙungiyar masu son jaz da aka kafa a 1932, mai suna Hot Club de France. Manyanta biyu, Hugues Panassié da Charles Delaunay, sun daɗe suna aiki tare. Panassié ya ce bibop ba jaz ba ne sam. Delaunay kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu. A 1947 suka ɓata, ƙungiya ta tsage. Aka shiga sa wa juna suna. Masu son tsohon salo ana ce musu ɓaure mai fumfuna, masu son sabo ana ce musu inabi mai tsami. Panassié bai sake ra'ayi ba har ya rasu a 1974. Yau kusan kowa ya yarda Armstrong da Parker duka gwanaye ne, a makaranta ɗaya ma ake koyar da kiɗansu. Wannan gardama ta mutu don kanta.

Faifai ko fili?

Wadda ta ƙi mutuwa ita ce ta faifai da fili. Wasu sun ce jaz na gaskiya sai a gaban jama'a, inda mabushi yake ganin idon mutane, yana jin sowarsu, su kuma suna zuga shi. Wasu sun ce in ba don faifai ba, da me za mu ji? Akwai wani mabushi a Niyu Orliyans mai suna Buddy Bolden, wanda dattawan garin suka ce ba a yi kamarsa ba. Babu faifansa ko ɗaya da ya zo hannunmu. Sai labari.

A 1917 aka fara sayar da faifan jaz. Faifan zamanin yana juyawa sau 78 a minti guda, kuma gefe ɗaya bai wuce wajen minti 3 ba. Mutumin da yakan yi minti 10 yana busa a gidan rawa, tilas ya datse abinsa ya shiga cikin ukun nan. A 1948 aka fito da dogon faifai mai juyi 33, wanda gefensa yakan ɗauki wajen minti 20. A lokacin ne kuma aka soma naɗar sauti a kan zare, irin na cikin kaset. Zare kuwa yana yankuwa, yana haɗuwa. Ana iya cire wurin da aka yi kure, a liƙa wani mai kyau, kunne bai gane ba. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin da ke tafe ya rataya.

Daren Newport

Duke Ellington ɗan birnin Washinton ne, an haife shi a 1899. Fiyano yake kaɗawa, yana tsara kiɗa, yana kuma shugabantar babban orkes na mutum goma sha wani abu. Bayan yaƙin duniya na biyu irin waɗannan manyan orkes suka yi ta rushewa, don biyan mutane masu yawa haka ba wasa ba ne. Ellington ya ƙi sallamar nasa. Da kuɗin da tsofaffin kaɗe-kaɗensa suke kawo masa yake cika albashinsu. Duk da haka, zuwa 1956 mutane da yawa suna cewa zamaninsa ya wuce.

Ran 7 ga watan Yuli na 1956 aka gayyace shi bikin jaz na Newport, wani ƙaramin gari a bakin teku, inda aka soma yin wannan biki tun 1954. A fili ake yi, mutane dubbai suna zaune a kan kujeru. Dare ya yi nisa kafin orkes ɗinsa ya hau na ƙarshe, har wasu sun fara tattara kayansu. Bayan ƴan kaɗe-kaɗe, sai ya ɗauko wani tsohon kiɗa da ya tsara tun 1937, mai kashi biyu. Tsakanin kashi na farko da na biyu ya ba wani yaronsa fili, Paul Gonsalves, mai busa saksofon.

A jaz akwai abin da za mu kira zagaye, kamar baiti ɗaya na waƙa. Mabushi yakan yi zagaye biyu ko uku ya koma ya zauna. Gonsalves ya yi 27. Ya fi minti 6 yana busa bai tsaya ba, mai ganga da mai kwantirbas suna tura shi daga baya. Kwantirbas wani ƙaton goge ne da ake kaɗawa da yatsu a tsaye. Can sai wata mace ta miƙe ta kama rawa. Waɗanda suka nufi ƙofa suka juyo. Mutane suka hau kan kujeru, sowa ta cika wuri. George Wein, mai shirya bikin, ya tsorata kada a tattake juna, ya nemi a tsai da wasa. Ellington bai tsaya ba. Ya san in aka yanke kiɗa a wannan hali abin zai fi muni. Sai ya kira Johnny Hodges, wani mabushinsa mai sanyin busa, ya yi ta lallashin jama'a da kiɗa mai taushi har hankali ya kwanta.

A watan Agusta hoton Ellington ya fito a bangon mujallar Time. Kamfanin Columbia ya buga faifan wannan dare, aka saye shi fiye da kowane faifai da Ellington ya taɓa yi. Shi da kansa yakan yi raha ya ce a Newport aka haife shi, a 1956. Shekara da shekaru masu son jaz suna ɗora faifan nan, su rufe ido, su ce ga jaz na fili, ga abin da ɗakin naɗar sauti ba ya iya bayarwa.

Ashe ba haka ba ne duka.

A daren nan akwai makirufo iri biyu a gaban makaɗa. Ɗaya na Columbia ne, ɗaya na rediyon Muryar Amurka. Gonsalves ya kuskure, ya tsaya gaban na Muryar Amurka. Don haka a zaren Columbia busarsa ta fito daga nesa, kamar mai busa a bayan gida. Ban da wannan, akwai wani sabon dogon kiɗa da Ellington ya tsara musamman don bikin, wanda yaransa ba su sami lokacin koyo sosai ba, bai kuma fita yadda yake so ba. Kwana biyu bayan bikin aka tara orkes a ɗakin naɗar sauti a Niyu Yok, suka sake kaɗa shi. Aka ɗauko tafi da sowa aka liƙa a kai, don mai sauraro ya zaci a fili yake. Busar Gonsalves dai ta gaskiya ce aka bari, ta daren nan. Amma babban kashi na faifan ba a Newport aka yi shi ba.

A 1996 aka gano zaren Muryar Amurka yana nan a ajiye. Masana suka ɗauko shi, suka jera shi da na Columbia, suka yi ta daidaita su har suka tafi tare, ɗaya a kunnen dama, ɗaya a na hagu. A 1999 aka fito da sabon faifai. A cikinsa akwai wasan daren nan yadda ya gudana, da kurensa da komai, an kuma sa na ɗakin naɗar sauti dabam, don kowa ya gwada da kunnensa.

Nan gardama ta tashi sabuwa. Wasu suka ce an yaudare su. Sun ba da kuɗinsu don su ji abin da ya faru, aka ba su abin da aka so a ce ya faru. Wasu suka ce ina ruwansu, kiɗan ya yi daɗi shekara 40, don an gaya musu asirinsa ba zai daina daɗi ba. Mai tsara kiɗa, in ji su, yana da ikon ya gyara aikinsa kafin ya kai shi kasuwa, kamar yadda ɗan makaranta yakan sake kwafe rubutunsa da kyau kafin ya miƙa wa malam. Akwai kuma na uku, masu taurin kai, da suka ce ita busar Gonsalves ma an cika yabonta. A ganinsu ya fi wannan busa a wasu faya-fayan, kuma abin da ya tashi mutane a daren nan shi ne ganga da sowar jama'a.

In kun tambaye ni, misalin ɗan makarantan nan bai cika ba. Gyara aiki ba laifi ba ne. Amma tafin da aka liƙa ba na Ellington ba ne balle ya gyara shi, na mutanen da suka zauna a fili ne. An ɗauki tafin da suka yi wa wani abu an ɗora a kan abin da ba su taɓa ji ba. Wannan shi ne wurin da nake ganin an wuce gona da iri. Game da masu rage wa Gonsalves kuwa, ina da tambaya guda. Kafin ya fara busa, ganga tana nan, jama'a suna nan, amma gida suke shirin tafiya. Wa ya mai da su?

Shi Gonsalves bai huta ba bayan wannan dare. Duk garin da orkes ya sauka, sai jama'a su nemi ya maimaita musu busar Newport. Ya yi ta yi musu shekara da shekaru, wata rana ta yi kyau, wata rana ba ta yi ba. Ya zauna tare da Ellington har ƙarshe. Ya rasu a birnin Landan cikin watan Mayu na 1974, Ellington ya bi shi bayan ƴan kwanaki, a Niyu Yok. Cikinsu babu wanda ya ji faifan 1999.